Ina so in fara shiga gasar dawaki ta doguwar tafiya, ta ina zan kama?

Mai_Akawal:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu dawaki. Dan Allah shawara nake nema kuma kar a min dariya don sabon shiga ne ni a wannan ɓangaren. Na kai shekara shida ina hawa amma duk hawan nawa kilisa ce da ɗan sukuwa, awa ɗaya ko ɗaya da rabi na dawo na ɗaure. To kwanaki na faɗa kallon bidiyon gasar nan da ake yin kilomita 80, 120 har 160 a rana ɗaya kan doki ɗaya, wallahi abin ya shiga raina, ranar sai da na kalli wajen guda goma kafin in kwanta. Yanzu na ji akwai wadda za a yi nan da wata uku, akwai rukunin kilomita 40 akwai na 80, ni dai 80 ɗin nake hari don gani nake 40 ai ta yara ce.

Dokina ingarma ne, shekararsa huɗu da 'yan watanni, ba jinin Larabawa ba ne gauraye ne, amma gudu kam ba a magana, in muka jera da abokaina ko ƙurarsa ba sa gani. Matsalarsa ɗaya in ya hango doki a gabansa sai ya wuce shi hankalinsa zai kwanta, hannuna har tsami yake saboda jan linzami. To wata uku ya isa? Wane irin tirenin zan ba shi, kullum zan dinga sukuwa da shi ne ko yaya? In ninka masa hatsi? Sannan dole ne sai da dokin Larabawa ake shiga?

Baba_Hurde:

Wa alaikumus salam. Ɗana barka da shigowa, ba mai maka dariya don kusan kowa da irin wannan zumuɗin ya fara har da ni mai maganar. Amma zan gaya maka gaskiya ko ba daɗi, 80 ɗin nan cire ta daga ranka bana. Tun kafin a zo batun tirenin ma shekarun dokinka ba su kai ba. A dokar AERC misali, wato ƙungiyar gasar doguwar tafiya ta Amurka wadda aka kafa tun 1972, doki sai ya cika wata 48 kafin a bar shi ya shiga ƙaramar tafiya ta mil 25 wato kilomita 40, sai ya cika wata 60 kafin mil 50 wato 80 ɗin da kake hari. Ka nemi takardar dokokin masu shirya taku ka karanta, zai yi wuya ka ga sun bar ɗan shekara huɗu ya yi 80.

Sai maganar gudun da kake alfahari da shi. Ka ga a wannan harkar tafiyar yanka ta ake yi zango-zango, ka yi kilomita ashirin da wani abu ko talatin ka shigo wajen likitoci. Kana shigowa agogonka bai tsaya ba, yana ci gaba da ƙirga maka lokaci har sai bugun zuciyar dokin ya sauko zuwa 64 a minti ɗaya, wasu wuraren ma 60 suke sawa. In ya sauko sai likita ya duba shi tas, ka ja shi da hannu ka yi sassarfa da shi gaba da baya a ga ko yana ɗingishi, sannan a ba ku hutun dole na minti talatin ko arba'in ya ci ya sha, sai ku sake fita. In bugun ya ƙi saukowa cikin lokacin da aka ɗiba, shi ke nan an cire ka, ko da kuwa kai ka fara isowa. Kuma ko layin ƙarshe ka tsallaka ba ka gama ba sai likita ya sake dubawa ya ce dokin nan da za a ce ya ci gaba zai iya.

Bari in ba ka nawa. Farkon shigata 40 ce, ina kan wani hurde mai zafin kai irin naka. Tun a kilomita biyar na farko na wuce wata dattijuwa kan 'yar ƙaramar goɗiya suna ta sassarfarsu kamar masu zuwa aike, har a raina na ce wannan sai dare. Na shigo zangon farko ni ne na biyu ina ta washe baki. Aka sa masa abin awo 84. Muka kwance sirdi muka hau kwara masa ruwa, bokiti ya kai takwas, 76, 72, daga nan ya kafe a 72 ɗin nan kamar an buga ƙusa, shi kuma sai haniniya yake yana zagaya ni don ya ga dawaki suna fita. Ina nan tsaye da soso a hannu dattijuwar nan ta iso, ashe tun daga nesa ta sauka ta sassauta majayi tana jan goɗiyar a ƙasa, goɗiyar har tana fizgar ciyawa a gefen hanya. Ko minti biyu ba a yi ba aka ce 52. Ta wuce ta gabana ta ce sannu yaro. Ni kuwa nan tafiyata ta ƙare, na koma na zauna kan bokitin da na juye.

Batun tirenin, abin da ke yaudarar mutane shi ne zuciya da huhu da tsoka suna saurin ƙarfi, cikin 'yan makonni za ka ji dokin ya zama wuta, amma jijiyoyin ƙafa sai sun ɗau wata shida zuwa shekara kafin su yi ƙwari, ƙashi kuma ya fi haka, shekara ɗaya har biyu. To a tsakanin nan ne ake karya doki, shi yana jin ƙarfi kai kana jin daɗi ƙafar kuma ba ta shirya ba. Don haka sukuwar kullum ɗin nan ajiye ta. Kwana uku ko huɗu a sati ya isa, tafiya da sassarfa, fara da kilomita shida zuwa takwas, sau ɗaya a sati ka yi mai ɗan tsawo kana ƙara mata kaɗan kaɗan. In ka ƙara nisa a satin kar ka ƙara sauri, in ka ƙara sauri kar ka ƙara nisa. In akwai tudu kusa da kai ka dinga hawa da shi a hankali, ya fi sukuwar fili amfani nesa ba kusa ba. Ranakun hutun kuma kar ka ga kamar asara ce, a cikinsu jikin yake ginuwa. In ka kai inda zai yi kilomita 25 a wajen awa biyu da rabi ya dawo yana neman abinci, to 40 ba za ta gagare shi ba. Kuma a AERC awa shida ake ba 40 ɗin har da hutu, ka ga ba inda gaggawa ta shigo.

Likitar_Barga:

Malam Mai Akawal, Baba ya gama magana, ni ɓangaren lafiya kawai zan ƙara tunda ni ce irin wadda za ka tarar tsaye a wajen duba dawakin.

Abu na farko ka san lambobin dokinka tun yana lafiya a turke, don in ba ka san daidai ɗinsa ba ba yadda za ka gane ya kauce. Sayi abin sauraren ƙirji irin namu, mai sauƙi ma ya isa, ka sa shi a gefen hagu daf da bayan gwiwar ƙafar gaba, inda majayi ke bi. Za ka ji lub-dub, wannan bugu ɗaya ne ba biyu ba, da yawa nan suke kuskure su ninka. Ƙirga na sakan 15 ka ninka sau huɗu. Lafiyayyen doki yana hutawa tsakanin 28 da 44 yake. Zafin jiki 37.5 zuwa 38.5. Ɗaga leɓensa ka danna dasashi da yatsa, zai yi fari, ya kamata jan ya dawo kafin sakan biyu kuma wajen ya kasance da danshi ba kamar danƙo ba. Tsunkuli fatar kafaɗa ka saki ka ga ko ta koma nan take. Sa kunne a kwiɓinsa hagu da dama, dole ka ji ciki yana ƙugi, cikin da ya yi tsit shi ne yake ba mu tsoro fiye da komai a gasa.

Akwai wani gwaji da muke yi da za ka iya yi a gida. Auna bugun, ka yi sassarfa da shi a hannu mita 40 zuwa mita 40 dawowa, in minti ɗaya ya cika daga lokacin da kuka fara sassarfar sai ka sake aunawa. In na biyun daidai yake da na farko ko ƙasa, madalla. In ya haura da yawa, misali daga 60 ya koma 68, to dokin ya gaji ko wani waje na masa ciwo ko ruwan jikinsa ya yi ƙasa, ko da kuwa a ido yana ta rawar kai.

Hatsi kuma dan Allah kar ka ninka. Doki mai doguwar tafiya ciyawa ce man fetur ɗinsa, busasshiyar ciyawa mai kyau wajen kashi biyu cikin ɗari na nauyin jikinsa a rana, wato dokin kilo 400 zai ci kusan kilo 8. Ciyawar nan tana riƙe ruwa a hanji ya zama kamar tanki yake tafe da shi. In ka cika shi da hatsi ga shi dama mai zafin kai, sai ya ƙara haukacewa, ga haɗarin murɗawar ciki, ga ɗaurewar tsoka musamman in ya kwana biyu a turke yana cin hatsin bai motsa ba. Alamarta za ka ga ya sandare ta baya ya ƙi tafiya, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi mai kauri, in ka ga haka sauka kar ka ƙara taku ɗaya da shi, kira likita.

Zufa ita ce babbar magana. A zafi doki yana aiki zai iya zubar da lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya, kuma zufar doki ta fi ta mutum gishiri sosai, shi ya sa wani lokacin ruwan jikinsa ya ƙare amma ba ya jin ƙishirwa. In gishirin jikin ya zube da yawa za ka ga kwiɓinsa yana harbawa tare da bugun zuciya kamar mai shaƙuwa, da mun ga wannan cirewa muke. Akwai garin gishirin jiki na dawaki da ake ba su, amma ka fara saba masa da shi a gida, kuma kar ka taɓa ɗura shi ga dokin da ya ƙi shan ruwa, ƙara masa matsala za ka yi. Koya masa shan ruwa ko ina, rafi, kududdufi mai tsabta, bokitin da ba nasa ba. Maganar da ake cewa kar a ba doki ruwa yana cikin zufa ba ta aiki a nan, duk inda kuka ga ruwa a hanya bar shi ya sha.

Sirdi_da_Ragama:

Ni dai tambaya zan yi wa mai tambaya, wacce iri ce gasar taku? don iri biyu ce mutane ke haɗawa. Akwai wadda su Baba suka yi bayani, wadda FEI, ƙungiyar wasannin dawaki ta duniya, ta karɓa a 1982, ita tsere ce, wanda ya riga kowa kuma likita ya wanke shi shi ya ci. Akwai kuma ɗayar irin ta NATRC, wata ƙungiyar masu dawaki ta Arewacin Amurka da aka fara 1961, ita ba rige-rige ba ne sam, lokaci ake yanka maka, kar ka iso kafin kaza kar ka wuce kaza, in ka yi saurin isowa ma maki za a rage maka. Alƙalai biyu ne, likita yana duba lafiyar dokin da halinsa, ɗayan yana duba kai mahayin, yadda kake zama, yadda kake hawa tudu da gangara, yadda ka ɗaure shi a sansani, har ko ya tsaya cak lokacin da za ka hau. A irin wannan ba a yarda ka sauka ka ci gaba da tafiya kana jan doki ba, a ta tseren kuwa ko gudu kake so ka sauka ka yi da ƙafarka. Gaskiya in ana yin irin ta biyun kusa da kai da ita zan ce ka fara, ita za ta gyara maka wannan ingarman.

Kuma kafin ka biya kuɗin rajista je ka yi aikin sa kai a gasa ɗaya, ka riƙe wa likita biro da kati kana rubuta abin da ya faɗa. Wuni ɗaya a nan za ka ga dawaki hamsin sun wuce ta gabanka ka fara gane ɗingishin da da ba ka gani.

Ɗan_Bidi:

Hhhh Baba ashe kai ma an taɓa zaunar da kai kan bokiti. Amma ba wanda ya amsa masa maganar dokin Larabawa, ni kuma ba zan ɓoye masa ba, in cin gasa yake so to Balarabe ne kawai, je ka duba waɗanda ke cin gasar Tevis a Kalifoniya, mil 100 cikin awa 24 ta kan duwatsun Sierra Nevada tun 1955 da Wendell Robie ya fara ta, kusan duk Larabawa ne ko masu jininsu. Haka gasar Tom Quilty a Ostareliya haka gasar Florac a Faransa. Fatarsu siririya ce jikinsu ba nauyi zafi na saurin fita, bugun na saurin sauka. Gaurayen nan wahala kawai zai sha.

Uwar_Gunya:

Haba Ɗan Bidi, mutum ko 40 bai yi ba kana kai shi Tevis. Ita Tevis ɗin ai kusan rabin masu shiga ba sa gamawa, da Larabawan nasu, kuma alfadarai ma sun sha gama ta. Ba wanda ya ce Balarabe bai fi ba a saman, amma 40 da 80 duk lafiyayyen doki mai ƙafa mai kyau da aka yi wa tirenin zai yi. Goɗiyata ba ta da ɗigon jinin Larabawa, bambancin kawai ni sai na fi su ɗawainiyar sanyaya ta, ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi inda manyan jijiyoyin jini suke, ina yi ina sakewa. Yayana ka fara da wanda ke turkenka, in ka shekara biyu abin bai fita ranka ba sai ka yi tunanin saye.

Abin da ba a taɓo ba shi ne sirdi. Sirdin da ba ya damun doki a kilisar awa ɗaya zai iya yi masa miki a awa biyar. In ka dawo ka kwance, duba shatin zufar bayansa, in ko ina ya jiƙe daidai to lafiya, in ka ga wani waje a bushe kamar tsibiri a tsakiyar jiƙa to nan yake matse shi, in aka daɗe farin gashi ne zai fito a wajen. Bi bayan da tafin hannu kana dannawa ka ga ko zai lanƙwashe. Duba hammata inda majayi ke gogawa. Kuma ranar gasa kar ka sa komai sabo, ko sirdi ko shimfiɗarsa ko linzami ko wandonka kai kanka, ni sabon wando mai ɗinki ta ciki na sa a tafiyata ta biyu, kwana huɗu ina tafiya kamar agwagwa. Kofato a gyara shi ko a buga ƙarfe kamar sati ɗaya zuwa biyu kafin ranar, ba ana gobe ba. Hular kwano dole. Kai ma ka fara motsa jiki don mahayin da ya gaji zama yake daɓas kamar buhu, dokin ne zai biya.

Shi kuma halin nan na sai ya wuce kowa, wannan ne aikinka na wata ukun nan fiye da kilomita. Samu abokinka ɗaya mai doki mai sanyi ku dinga fita, shi a gaba kai a baya, ku canza, ya wuce ka kana tafiya a hankali, ya tafi ya bar ka, har dokin ya gane ba a mutuwa don an wuce shi. Ya koyi tsayawa baƙo ya taɓa shi ya buɗe masa baki ya sa masa abin awon zafi ta baya, don dokin da likita ya kasa dubawa ba ya shiga. Tunda ingarma ne ka tambayi yadda suke so a yi masa alama, in yana harbi kuma jan ƙyalle ake ɗaurawa a wutsiya. Ranar gasa bari 'yan gaba su tashi da ƙurarsu, ka ba su minti biyar ko goma sannan ka fita da tafiya.

Mai_Akawal:

Kai jama'a na gode Allah ya saka, Baba na ji kuma na sauko 40 ɗin ta yara hhh. Ta tsere ce tamu, na tambaya. Hajiya likita na sayo abin sauraren jiya, da safe a turke na samu 40. Na fita da shi kilomita 10, na so in yi sassarfa kawai amma gaskiya ya fi ƙarfina a hanyar dawowa mun ɗan taɓa sukuwa, da muka iso 92, bayan minti goma 72, bayan ashirin 64. Sannan na ga busasshen wajen nan da Uwar Gunya ta faɗa, guda biyu, hagu da dama daf da kafaɗa, kowanne kamar faɗin tafin hannun yaro. Wannan lambobin yaya suke?

Likitar_Barga:

40 ɗin safe lafiya lau. Amma minti ashirin kafin 64 bayan kilomita 10 kacal yana gaya maka aikin ya fi ƙarfin inda yake yanzu, so ake cikin minti goma ya sauka 60 ko ƙasa. Wani ɓangaren zafin kai ne wani kuma ƙila sirdin ne, ciwo ma yana riƙe bugu a sama. Sayi ƙaramin littafi ka dinga rubuta kwanan wata, nisa, lokaci, da bugun isowa da na minti goma, bayan sati huɗu ka kawo mana mu gani. Kilomita ɗaya na ƙarshe kullum da tafiya za ku shigo, in ya ƙi ka sauka ka ja shi.

Baba_Hurde:

Sirdin ya masa ƙunci a gaba, kuma kar ka ce za ka ƙara shimfiɗa a ƙasa, kamar sa safa biyu ne cikin takalmin da ya matse ka. Ari na wani mai faɗi ka gwada sati ɗaya ka sake duba shatin. Sannan ka canza hanyar dawowa gida, kar ya dinga sanin inda ake juyowa.